Fuskar da Aka Goge

Ranar Talata da hantsi aka gano cewa tsohuwar da ke rataye a ɗakin sama na Gidan Cradwell ba ita ba ce.

Gidan Cradwell ƙaramin gidan adana zane-zane ne a Salford, kusa da Manchester a Ingila, wani mai masaƙar auduga ya bar shi tun zamanin da. A hunturun 2012 aka janye tallafin da ake ba shi, kamar yadda aka janye na wurare da yawa a shekarun nan, aka yanke shawarar rufe shi a watan Maris a sayar da abin da ke ciki. Abin da ya fi komai daraja a gidan wata takarda ce da ba ta fi faɗin faranti ba: zanen wata tsohuwa da baƙin alli da jan alli, wanda wani mai zane na ƙasar Filandas, cikin Beljiyam ta yau, ya yi kusan shekara ɗari huɗu da suka wuce. Ba a san sunansa ba, ba a san nata ba.

Mutumin kamfanin gwanjo ne ya gano. Ya sa safar hannu, ya buɗe firem ɗin ta baya, ya ɗaga takardar wajen taga, bai yi minti ɗaya ba ya ajiye ta. Ya ce wa Monica, shugabar gidan, wannan kwaikwayo ne, an yi shi da kyau ƙwarai, amma bai shekara da yi ba.

Malam Ashafa, mai gadin gidan, yana tsaye a bakin ƙofa ya ji. Shekara goma sha ɗaya yana zama a kan kujera ɗaya a ɗakin, tsohuwar tana hagunsa. Mutumin Tsafe ne, mahaifinsa mai bin sawun shanun sata, shi ma ya bi sawu har ya kai shekara ashirin da biyar kafin aikin jinya ya kawo matarsa Hajo Ingila, ya biyo ta. Hajo ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Yarsu guda tana aiki a Aberdeen, takan bugo waya ranar Lahadi idan ta samu sarari. Abin da ya fi ci masa rai a ranar shi ne an sauya tsohuwar a gaban idonsa, shi mai bin sawu, bai lura ba.

'Yan sanda suka zo, suka rubuta, suka sa kwaikwayon cikin leda suka bar shi a akwatin ƙarfen ofis har masaninsu ya zo. Na'urar ɗaukar hoton ɗakin ta lalace tun bazara, ba a gyara ba. Suka buɗe littafin baƙi, suka ga suna ɗaya ya maimaitu fiye da sau arba'in: Rabi'a Falalu, ɗaliba daga Katsina da ke digirinta na uku a kan zanen mutanen Filandas. Da yamma suka je ɗakinta a Fallowfield, suka tarar da zanen tsohuwar har ashirin da uku manne a bango. Ba su kama ta ba. Sun dai ce ta zo ofishinsu ranar Litinin da ƙarfe biyu.

* * *

Washegari Ashafa ya iso ƙarfe takwas saura, kamar kullum. Celestina mai shara ta riga ta gama goge bene, ta dafa shayi kofi biyu a ƙaramin kicin na ƙasa. 'Yar Kafanchan ce, shekararta tara tana aikin gidan ta hannun wata agency mai samar da ma'aikata, tana shigowa shida da rabi. Minti goma sha biyar ɗin da suke yi tare kafin ta miƙa masa makullai ta wuce wani aikin, su ne kaɗai lokacin da Ashafa ke yin Hausa da wani a ranakun mako.

Ya gaishe ta da sunan da ya saba, Maman Bulus, ya tambayi Bulus, ɗanta da ke karatun haɗa magunguna a gida. Ta ce lafiya lau, yana ta karatu. Suka yi maganar satar. Ta ce ita tausayin yarinyar take ji, don ba ta yi kama da mai ɗaukar abin wani ba. Ta tura masa makullan a kan tebur, da ɗan hoton Bulus da ke maƙale a zoben cikin roba, ya cire na gidan ya mayar mata da sauran. Ba ta shanye shayinta ba ta tafi.

* * *

Ranar Juma'a bayan an idar da salla, Dokta Sunusi ya ja shi gefe a wajen ajiye takalma. Shi ne shugaban ƙungiyar 'yan Arewa, likita ne a unguwar Longsight, mutum mai son a rufe magana tun ba ta yi nisa ba. Ya ce zancen ya riga ya kai Birmingham, har an fara bugo masa waya daga gida. Mutane na cewa dama yarinyar da ta baro likitanci da lauya ta zo karatun zanen mutane, ai akwai abin dubawa. Wasu na cewa wani Bature take yi wa aiki. Ya ce idan jami'a ta dakatar da ita, sikolashif ɗinta ya tafi, biza ta bi shi, sauran ɗalibai kuma su kwana da tabon. Abin da yake so shi ne Malam, da yake dattijo ne kuma ɗan gidan, ya je ya lallashe ta ta fito da takardar a rufa wa juna asiri.

Ashafa ya ce zai je ya gan ta. Bai ce zai lallashe ta ba.

* * *

Ɗakin Rabi'a yana hawa na biyu a wani gida da ɗalibai biyar ke haya. Ta buɗe ƙofar ta bar ta a buɗe, ta ba shi kujerar karatunta, ita ta zauna bakin gado. Idonta ya kumbura. Ta ce tun Talata ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, har waɗanda suke cin tuwonta ranar Asabar.

Bai tambaye ta ko ta ɗauka ba. Ya ce ta faɗa masa abin da take gani a jikin tsohuwar da har ta zana ta sau ashirin da uku.

Ta tashi ta ɗauko hoton zanen na asali. Ta ce masu zanen can sukan kira tsofaffi da barorin gida su zaunar da su, su zana kawunansu su ajiye, don idan an ba su aikin babban hoto su ɗauko fuska daga ciki. Yawancin irin waɗannan takardu gwaji ne kawai. Amma wannan mutumin ya tsaya ya dubi matar. Ta nuna masa yadda kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, kamar wadda ta sauke kaya amma jikin bai sani ba. Ta nuna jan allin, wanda bai sa shi a kumatu ba inda kowa ke sawa, sai a gefen ido da ƙasan hanci da gaɓoɓin yatsu. Hannun dama ya zana shi sau uku a wuri ɗaya bai goge biyun farko ba, shi ya sa in ka daɗe kana kallo sai ka ga kamar yana motsi.

"Baba, dubi, babu hawaye ko ɗigo," in ji ta. "Bai zana kuka ba. Ya zana mace da ta gama kuka tun jiya, yau kuma ta tashi ta ɗaura ɗankwali."

Ashafa ya tambaye ta abin da tsohuwar ke kallo, don ya lura idonta ba a kan mai kallo yake ba, yana can gefen da takardar take fara. Rabi'a ta ce nan ne babin da take rubutawa. A watan Oktoba, da aka ciro mata takardar daga firem na awa guda Monica na zaune, ta ga wurin ba fari ba ne sosai, akwai dusu-dusun wani abu da aka zana aka goge. A zamanin da tsakiyar burodi suke gogewa. Ba ta iya gane ko mene ne ba, kuma ta bayan gilashi ba a ganinsa ko kaɗan.

Ya bi zanenta na bango ɗaya bayan ɗaya. Hannunta mai sauri ne, mai gajen haƙuri. Takan fara da ido, ta yi hanci, kafin ta kai hannuwa ta gaji. A cikin ashirin da ukun babu wanda ta ƙarasa. Da zai fita ya ce mata ta ci abinci.

* * *

A gidan adana zanen kuwa zargi ya koma kan Monica. Wata mai aikin sa kai ta rantse cewa ta gan ta makonni biyu da suka wuce tana saka wani abu mai faɗi a bayan motarta, an naɗe shi da bargo. Ranar Asabar da safe Ashafa ya shiga ofishinta ya tambaye ta kai tsaye. Fuskarta ta yi ja, sannan ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta buɗe wayarta ta nuna masa: hoton mahaifinta ne da ya shekara ashirin a bangon ofishin, ta fara kwashe kayanta tun kafin a ce ta kwashe. Inuwar wurin tana nan a bango.

Ya roƙe ta ta bar shi ya ga kwaikwayon, ba zai taɓa ba. Ta yi jinkiri, sannan ta buɗe akwatin ta shimfiɗa ledar a kan tebur.

Daga kallon farko ya san ba hannun Rabi'a ba ne. Wannan hannun ba ya sauri. Kowane layi an bi shi a hankali daga farko har ƙarshe, kamar mai taka sawun wani don kada a gane nasa, wanda sawunsa kan fi zurfi kuma ba ya watsa ƙasa a gaba. Amma babu tsoro a ciki. Wanda ya yi shi ya san hanyar kamar hanyar gidansu.

Mahaifinsa yakan ce sawu ba ya magana da rana tsaka, sai da sassafe ko la'asar sakaliya, lokacin da haske ke kwance. Ya ce Monica ta ja labule ta kashe fitila. Ya ciro tocilarsa ta aiki ya kwantar da ita a kan tebur, hasken ya bi fuskar takardar a kwance.

A gefen da ya zama fari sai siraran layuka masu ɗan zurfi suka fito, inda alli ya danna takarda kafin a goge shi. Mutum ne, daga kai zuwa kafaɗa. Monica ta sunkuya ta ce ita ba ta ganin komai sai ƙarce-ƙarce. Ashafa ya matsar da tocilar kaɗan. Ya ga zagaye biyu a wurin idanu, da siririn layi da ya tafi ya zagaye kunne.

Ya tambaye ta wa ya fi kowa sanin takardar a waje da firem. Ta ce Alfred, mai haɗa firem da gyaran takardu, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya a gidan kafin a sallame shi bara. Ya koma wurin 'yarsa a Birmingham. Ta ƙara da cewa ya tafi da fushi, kuma ya iya zane fiye da duk wanda ta sani.

* * *

Ranar Lahadi ya hau bas ɗin farko. Awa biyu da rabi ana ruwa, bai yi magana da kowa ba. A hanya ya ba kansa labarin yadda abin ya faru: tsoho mai fushi, mai makullin da bai mayar ba, mai hannun da ya iya. Labarin ya zauna daidai har ya isa unguwar Erdington a Birmingham, 'yar Alfred ta shigar da shi ɗakin baya.

Alfred na zaune kusa da hita mai ɗumama ɗaki, da bargo a gwiwa. Ya yi murnar ganinsa har idonsa ya kawo ruwa, ya ce tun da ya bar Salford ba wanda ya zo daga can. Da aka kawo shayi sai Ashafa ya ga kofin nasa mai murfi ne irin na yara. Hannuwansa biyu suna karkarwa ba tsayawa, ko biskit sai da ya kama da duka biyun. Ya ce ciwon ya fara tun kafin a sallame shi, yana ɓoyewa, yanzu ko sunansa ba ya iya sa wa a takarda.

Ashafa ya ji kunya, ya faɗa masa gaskiyar abin da ya kawo shi. Alfred bai yi fushi ba. Ya tambaya ko an yi kwaikwayon da kyau, da aka ce masa ƙwarai sai ya gyaɗa kai kamar an yabi wani nasa.

Ashafa ya tambaye shi abin da aka goge a takardar asali. Nan tsohon ya gyara zama. Ya ce wani dattijo ne mai gemu da faffaɗar malafa, yana tsaye gefenta ya ɗan sunkuyo. Shi a ganinsa mai zanen ya fara zana su su biyu ne, mata da miji, sai ya gane cewa abin da ke fuskar matar ba zai fito ba muddin mijin na nan. Sai ya goge shi ya bar ta tana kallon wurin.

"Yana da tabarau?" in ji Ashafa.

Alfred ya ce babu. Kuma ko da yana da shi, tabarau na wancan zamani a kan hanci ake ɗora shi, ba shi da hannun da ke zagaye kunne.

Ashafa ya tambaye shi ina ya bar kayan aikinsa. Ya ce allunansa da ragowar tsofaffin takardu da yake cirowa daga bangon littattafai, duk ya zuba su a kwali ya tura ƙarƙashin bene, inda ake ajiye bokiti da mofa, don ya san in ya bar su a sama shara za a kai su. Ya ce a shekararsa ta ƙarshe da hannun ya ƙi, ba shi da mataimaki, mai shara ce take riƙe masa firem da safe tana juya masa sukurori. Mace mai natsuwa, in ji shi, mai ido. Takan zauna a bayan ajin zane na kyauta da ake yi ranar Alhamis kafin a soke shi, tana cewa jiran su tashi take ta share.

A bas ɗin dawowa Ashafa ya jingina kansa da gilashi. Bai buƙaci ya sake ganin takardar ba. Zagayen tabarau, da kunnen da ya ɗan fito waje, da dogon wuya, shekara tara yana ganinsu kowace safiya a kan teburin kicin, cikin 'yar roba a zoben makullai. Wani tunani kuma ya ƙi barinsa tun daga Stoke har Manchester: uwa ba ta zana ɗanta ta goge shi alhali yana raye.

'Yarsa ta bugo yana hanya. Ya ce mata yana lafiya, ana ruwa.

* * *

Ranar Litinin gidan a rufe yake ga baƙi. Ashafa ya roƙi Monica ta tara mutane a ɗakin sama ƙarfe takwas. Rabi'a ta zo, Dokta Sunusi ne ya kawo ta a motarsa yana zaton za a yi sulhu. 'Yar Alfred ta tuƙo mahaifinta tun da asuba, don ya ce sai ya ga kwaikwayon da idonsa. Celestina ta hau da bokitinta za ta wuce, Ashafa ya ce ta ɗan tsaya. Ta ajiye bokitin ta tsaya a bakin ƙofa.

Ya yi magana da Turanci don kowa ya ji, a hankali, ba ya kallon kowa. Ya ce ɗalibar ba ta taɓa ƙarasa zane ba, wannan kuwa an ƙarasa shi har inda ido ba ya kai. Ya ce Monica hoton mahaifinta ta ɗauka. Ya ce hannun Alfred kowa na gani. Sannan ya ce ɓarawon da ke son kuɗi ba zai wahalar da kansa ya zana abin da aka goge ba, tunda ba a ganinsa ta gilashi. Wanda ya yi wannan ya zana shi ne don ba zai iya barin tsohuwar tana kallon banza ba. Sai dai da ya zo zanawa, hannunsa bai bi dattijo mai malafa ba, ya bi wanda shi ya rasa.

Aka ja labule. Ya kwantar da tocilar. Alfred ya matso da kujerarsa ya daɗe yana kallo, ya ce wannan yaro ne matashi. Rabi'a ta rufe bakinta da gyale. Dokta Sunusi ya tambaya wane ne.

Ashafa ya kashe tocilar ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Sunansa Bulus," in ji Celestina daga bakin ƙofa. Da Hausa ta faɗa, kuma Ashafa take kallo. "Shekara biyu ke nan da wata uku. Mota ce, a hanyar Kaduna. Takarduna suna hannun hukuma a lokacin, in na fita ba zan dawo ba. Ban je ba. A waya na ji ana rufe shi."

"Kullum ina tambayarki shi," in ji Ashafa.

"Kai kaɗai ne kake tambaya, Malam. In na faɗa maka, shi ke nan babu mai sake kiran sunansa."

Sauran ta faɗe shi da Turanci, ba ta ɗaga murya ba. Tun da Alfred ya nuna mata mutumin da aka goge take zuwa gaban tsohuwar kowace safiya kafin kowa ya iso. Bayan rasuwar ta fara zana ta a bayan takardun talla, daga baya da allunan da ta samu ƙarƙashin bene. Ta zana ta ya fi sau ɗari. Da ta ji za a sayar da ita ga wanda wataƙila zai kulle ta a ma'ajiyar banki, sai ta sauya su wata safiya a watan Nuwamba. Ba ta taɓa tunanin za a buɗe firem ɗin kafin a sayar ba, ba ta kuma yi tunanin zai faɗa kan yarinyar ba. Tun Talata take cewa gobe za ta faɗa. Ta juya ta ce wa Rabi'a ta yafe mata. Rabi'a kuwa kuka take.

Monica ta ce dole ta kira 'yan sanda, amma za ta gaya musu cewa Celestina da bakinta ta faɗa kuma da hannunta ta dawo da shi, idan takardar tana lafiya. Ta ce Ashafa ya raka Celestina su ɗauko.

* * *

Flat ɗinta yana Gorton, bayan kasuwa, ɗaki ɗaya da kicin a saman wani shagon da aka rufe. Akwai ƙaramin tebur da kujeru biyu. Tsohuwar tana kan ɗaya, an jingina ta tsakanin kwali da gilashi mai tsabta, nesa da taga da hita, fuskarta na kallon ɗaya kujerar. Ashafa ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba.

Celestina ta wanke hannu ta goge, ta shimfiɗa farar takarda, ta kwantar da zanen, ta rufe da wata, ta sa tsakanin kwalaye biyu ta ɗaure da zare. Ba ta yi sauri ba. Suka sauko suka tsaya a tashar bas, ruwa na yayyafi, ta rufe kwalin da ledar shara.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun jiya."

"Me ya hana ka zo wurina ni kaɗai? Ka san gidan nan. Ka san lokacin da nake shiga aiki."

Ya dubi kwalin da ke hannunta.

"Da na zo ni kaɗai, da na yi shiru," in ji shi. "Ita kuma da an mayar da ita Katsina da sunan ɓarauniya."

Ta gyaɗa kai. Da bas ɗin ya bayyana daga kwana sai ta miƙa masa kwalin. Ta ce shi ya kai, ita ba za ta iya ganin an mayar da ita bayan gilashi ba. Ta ce ya gaya wa Monica tana gida, duk wanda zai zo ya zo, ba inda za ta je.

"Riƙe ta a kwance," in ji ta. "Alli ne, ba ya son jijjiga."

An sallami Rabi'a a ranar, ta gama karatunta bayan shekara biyu, ko da yake babu wanda ya je ya ba ta haƙuri cikin masu maganar. Celestina ta samu gargaɗi a rubuce ba a kai ta kotu ba, amma agency ta sallame ta, kafin ƙarshen wata ta koma wurin wata 'yar'uwarta a Birmingham ba ta bar adireshi ba. An rufe gidan a watan Maris. Ashafa ya samu gadi a wani wurin ajiye motoci kusa da tashar jiragen ruwa ta da, inda ba ya magana da kowa sai injin tikiti in ya maƙale.

Amma duk wannan daga baya ne. A safiyar nan dai ya hau bas ɗin, ya zauna a kujerar gaba, ya ɗora kwalin a kan gwiwoyinsa ya riƙe da hannu biyu. Da ya waiwaya ta taga tana nan tsaye cikin yayyafin, hannuwanta a aljihun rigar sanyi. Direban ya ja, kuma duk ramin da suka shiga daga Gorton har cikin gari, Ashafa yakan ɗaga kwalin sama kaɗan har su wuce.